Fansho bayan mutuwar aure: rabon da ba ya kawo kansa

Idan aure ya mutu, abin da ido ke gani shi ake fara ja-in-ja a kansa: gida, mota, kuɗin da ke banki, da wanda zai riƙe yara. Fansho ba ya cikin wannan sahu. Ba a ganinsa, ba a taɓa shi, wani ma sai nan da shekara ashirin za a fara biyansa. Shi ya sa ake tashi daga zaman sulhu ba a ko ambace shi ba, alhali ga mutumin da ya daɗe yana aiki, fanshonsa kan yi kafaɗa da kafaɗa da gidan a daraja, wani lokaci ma ya shige gabansa.

Sunan mutum ɗaya ne a kan asusun, shi ya yi aikin, daga albashinsa aka yanka. To ina ruwan wadda ya saka? Amsar da ƙasashe da dama suka tsaya a kanta tun daga shekarun 1970 ita ce, fansho albashi ne da aka jinkirta biyansa. In albashin da ya shigo gida a wani wata na iyali ne, to abin da aka yanke aka ajiye a wannan watan ma daga tukunya ɗaya ya fito. Ga kuma wadda ta ajiye aikinta, ko ta rage shi, don renon yara: shekarun da ba ta tara komai da sunanta ba su ne shekarun da shi ya samu sararin tarawa. Dokokin da za a ambata ba su ware mace ba, namiji ma yana da haƙƙin a kan fanshon tsohuwar matarsa. Da mace za a riƙa ba da misali don dai ita ce ta fi zama mai ƙaramin asusu.

Sai dai samun haƙƙi a doka daban, kuɗi su shiga hannu daban. A wannan fage, waɗanda suka yi asara ba sukan yi ta a gaban alƙali ba. A kwanan wata suke yin ta, ko a takardar da ba a aika ba, ko a layi ɗaya da aka manta ba a rubuta ba.

Abu na farko da ya kamata a rarrabe shi ne kuɗin ritaya iri uku ne, kowanne da ƙofarsa. Akwai fanshon gwamnati na kowa da kowa, wanda ake ginawa da harajin da ake cira a albashi. Akwai asusun tarawa, inda ma'aikaci da wurin aikinsa ke zuba kuɗi a juya su a kasuwar hannun jari, abin da ya taru shi ne nasa. Akwai kuma fanshon alkawari, wanda ba shi da wani tulin kuɗi da sunan mutum, sai dai alkawarin za a biya shi kaza duk wata har ya mutu, gwargwadon shekarun aikinsa da albashinsa. Takardar da ta buɗe ɗaya ba ta buɗe sauran.

Shekara goma, ba tara da wata goma sha ɗaya ba

A Amurka, fanshon tarayya da ake kira Social Security kotun saki ba ta da ikon raba shi. Abin da doka ta yi shi ne ta ba tsohuwar mata damar a biya ta a kan tarihin aikin tsohon mijinta, bisa sharuɗɗa. Auren ya kai shekara 10. Ta kai shekara 62. Ba ta da aure a lokacin. Shi kuma ya cancanci fanshon ritaya ko na nakasa. In bai riga ya fara karɓa ba, za ta iya nema ita kaɗai muddin ya kai 62 kuma an cika shekara biyu da sakin.

Shekara goman nan ba a yi mata ragi ko na kwana ɗaya. Daga ranar ɗaurin aure ake ƙirgawa zuwa ranar da hukuncin saki ya tabbata, ba ranar da ta tattara kayanta ta bar gidan ba. Ma'auratan da suka shekara uku ba sa tare amma ba a kammala shari'a ba, a idon hukumar Social Security har yanzu miji da mata ne. A ce mace ta yi shekara tara da wata goma sha ɗaya a aure, zuciya ta ɗebe ta tana matsa wa lauya a gama komai kafin ƙarshen wata. Lauyan da ya san aikinsa zai buɗe kalanda ya nuna mata cewa haƙurin mako biyar na iya zama kuɗin da za ta riƙa karɓa duk wata daga tsufanta har ƙarshen rayuwa. Da can ma shekara 20 ake buƙata, gyaran dokar 1977 ne ya sauko da ita zuwa 10.

Nawa ne? Iyakarsa rabin cikakken fanshon mijin, wato abin da zai samu a cikakkun shekarun ritayarsa, kuma sai in ita ma ta jira nata cikakkun shekarun, waɗanda suke 67 ga duk wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama. In ta nema tana 62, rabin nan ya koma kashi 32.5 cikin 100, kuma ragin ba ya ɗagawa daga baya. Ba a kuma cin tudu biyu. Nata fanshon ake fara biya, sai a cika mata gibin in rabin nasa ya fi nata. A ce cikakken fanshonsa dala 2,400 ne a wata, nata dala 800. Rabinsa 1,200 ke nan, don haka tana 67 za a ba ta 800 ɗinta da cikon 400. In ta yi gaggawa ta nema tana 62, nata zai ragu zuwa 560, cikon ya ragu zuwa 260, jimla 820. In kuwa nata ya kai 1,300, tarihin mijin ba shi da abin da zai ƙara mata matuƙar yana raye. Jira ya wuce 67 ma ba ya ƙara wa cikon ko sisi, domin ladan jinkiri zuwa shekara 70 a kan fanshon mutum na kansa kawai ake ba da shi.

Wani abu da kan tayar da jijiyar wuya a banza: kuɗin nan ba daga aljihun mijin suke fita ba. Nasa ba ya raguwa, na sabuwar matarsa ba ya raguwa, ba a neman izininsa. Mutumin da ya yi aure uku, kowanne ya haura shekara goma, dukkan matan uku na iya karɓa a kan tarihinsa. Har akan ga an cusa wani layi a yarjejeniyar saki wai matar ta yafe wannan haƙƙi. Hukumar ba ta aiki da irin wannan layi.

Mutuwar tsohon mijin kan sauya lissafin baki ɗaya, kuma a nan ne mata da yawa ke barin kuɗi a ƙasa, don ba lallai ne labarin rasuwar mutumin da aka rabu da shi shekara talatin ya iso ba. Wadda aurenta ya kai shekara goma ana ɗaukarta kamar matar mamaci: tana iya fara karɓa tana 60, ko 50 in tana da nakasa, daga kashi 71.5 cikin 100 har zuwa dukkan abin da yake karɓa in ta jira cikakkun shekarunta. Sabon aure yana yanke kuɗin da ake biya a kan tsohon miji mai rai, amma auren da aka ɗaura bayan ta cika 60 ba ya taɓa na mamaci. Mai shekara 59 da rabi da ke shirin sake aure, ita ma kalandar ce abokiyar shawararta. Kuma a nan ana iya yin abin da ba a yarda da shi ba in tsohon mijin yana raye: ta fara karɓar na mamacin, ta bar nata yana ƙaruwa, ta koma kansa tana 70 in ya fi. Tun Janairun 2025 kuma aka soke dokar da ke zaftare wannan kuɗi ga waɗanda ke da fanshon aikin gwamnati da ba a cire masa harajin Social Security ba, kamar malaman makaranta a wasu jihohi. Waɗanda da can suka ƙi nema don sun san ba abin da zai rage, yanzu suna da dalilin komawa.

Takardar da ta fi hukuncin saki muhimmanci

Fanshon wurin aiki shi ne ake rabawa da gaske, wato abin da ta samu shi ya rasa. Jihohi tara, ciki har da Kalifoniya da Teksas da Arizona, suna ɗaukar abin da aka tara a cikin aure a matsayin dukiyar tarayya ta mutum biyu. Sauran jihohin suna bin rabon da alƙali ya ga ya dace, wanda ba dole ne ya zama rabi da rabi ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Dokar tarayya ta 1974 da ake kira ERISA ta hana a karkatar da fanshon ma'aikaci ga wani. A 1984 aka buɗe ƙofa ɗaya tak: wani umarnin kotu na musamman da ake kira QDRO. Hukuncin saki na iya cewa baro-baro "matar tana da rabin fanshon", amma masu kula da asusun ba za su biya ta ko dala ɗaya ba sai wannan umarni ya iso gare su sun duba sun amince. Su ne ke da ta cewa a kan ko ya cika sharaɗi, ba alƙalin da ya sa hannu ba. Dole ya ƙunshi suna da adireshin mutanen biyu, sunan asusun daidai yadda yake a hukumance, adadi ko kaso ko hanyar lissafa shi, da tsawon lokacin biya. Ba zai tilasta wa asusun biyan wani nau'in kuɗi da ba ya cikin tsarinsa ba, ko fiye da abin da ma'aikacin ya tara. Mai asusu uku yana buƙatar a ambaci kowanne. Yayin da ake tantancewa, asusun kan ware kason matar ya riƙe har tsawon wata 18.

Hikima ita ce a tura daftarin umarnin ga masu kula da asusun su duba tun kafin alƙali ya sa hannu, a kuma shigar da shi tare da hukuncin saki. Abin da ya fi faruwa akasin haka ne. An gaji, kuɗin lauya ya ƙare, kowa ya kama gabansa, aka ce "za a yi daga baya". A tsakanin nan mijin na iya kwashe kuɗin, ko ya ci bashi a kansu, ko ya yi ritaya ya zaɓi tsarin biya da ba a sauyawa, ko ya sake aure ya mutu.

A asusun tarawa lissafin yana da sauƙi a ido, amma kalmomi suna yanka. A ce ranar sulhu akwai dala 200,000, aka rubuta "matar za ta samu dala 100,000". Kafin a aiwatar kasuwa ta faɗi, asusun ya koma 150,000. Ita ta ɗauki 100,000, shi ya tashi da 50,000. In kasuwar ta tashi zuwa 260,000, ita ce ta yi asarar 30,000. Abin da ke hana wannan shi ne a rubuta kaso cikin ɗari, a faɗi ranar da aka auna, a ƙara da cewa riba da faɗuwa daga wannan rana suna bin kowane kaso. A kuma faɗi yadda za a yi da bashin da ma'aikacin ya ci daga asusun: kafin a cire shi za a raba, ko bayan an cire? Abin da ya tara kafin aure yawanci nasa ne, amma shi zai kawo takardar banki ta wancan lokaci ya nuna, kuma takardar shekara ashirin ba ta cika samuwa ba.

Haraji ma yana da tarkonsa. Wadda ta karɓi kuɗin ita za ta biya harajinsu. Tarar kashi 10 cikin 100 da ake ɗora wa wanda ya ciri kuɗi kafin ya kai shekara 59 da rabi an ɗage mata ita, amma sai in kai tsaye daga asusun wurin aikin ta cira a ƙarƙashin umarnin. Da zarar ta mayar da su asusun ritayarta na kanta, rangwamen ya wuce. Mai buƙatar kuɗin kama haya ko biyan lauya sai ta ware abin da take so tun kafin a tura sauran.

Fanshon alkawari ya fi wuya, don ba tulin da za a tsaga. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce lissafin lokaci: watannin da aure da aiki suka haɗu, a raba da dukkan watannin aiki, a ba ta rabin abin da ya fito. Mutum ya yi aiki wata 360, yana da aure a wata 216 daga ciki. Kashi 60 cikin 100 na fanshon ke nan aka gina a cikin aure, rabinsa kashi 30. In fanshon dala 3,000 ne, nata 900. Rigimar ita ce, 3,000 ɗin na yaushe? Na ranar saki, ko na ranar ritaya bayan an yi masa ƙarin girma sau biyu? Jihohi sun sha bamban, kuma bambancin ba ƙarami ba ne.

Sai kuma zaɓin da ya fi kowanne nauyi. Ko dai ta zauna a jikin fanshonsa, duk wata a yanko mata daga abin da ake biyansa, ko a yanke mata nata daban a lissafa shi a kan tsawon rayuwarta. A na farko, ba ta samun komai sai ya ga damar yin ritaya, kuma ranar da ya mutu kuɗin sun mutu tare da shi, sai fa in umarnin ya faɗa a sarari cewa a ɗauke ta a matsayin matar da ya bari. Saki yana goge wannan matsayi, rubutu ne kawai ke dawo da shi. A na biyu, ita ke zaɓar lokacin da za ta fara da zarar ya kai shekarun da tsarin ya yarda a fara biya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Inda tsarin ya ba da dama, na biyun ya fi kwanciyar hankali, ko da yake in ya riga ya fara karɓa yawanci na farkon kaɗai ya rage. Ko a na biyun ma sai an tanadi abin da zai faru in ya rasu kafin a fara biya, a kuma faɗi ko ƙarin da ake yi saboda hauhawar farashi zai bi kasonta. Dala 900 da ba ta motsi, bayan shekara ashirin ba dala 900 ba ce.

Ma'aikatan gwamnati da sojoji ba sa ƙarƙashin ERISA, nasu tsarin daban. Na soja ya cancanci tsayawa kaɗan saboda wata fahimta da ta yaɗu ba daidai ba. A 1981 Kotun Ƙoli ta ce jihohi ba su da ikon raba fanshon soja, majalisa ta mayar da martani da doka a 1982 ta ba su ikon. Ƙa'idar da ake ta ambato, ta shekara goma na aure da suka haɗu da shekara goma na aikin soja, ba ita ke ba da haƙƙi ba. Abin da take yankewa kawai shi ne ko hukumar biyan albashin soja za ta tura wa matar kai tsaye. Wadda ta yi shekara bakwai ma kotu na iya ba ta kaso, sai dai daga hannun mijin za ta riƙa karɓa, da duk wahalar da ke cikin haka. Akwai kuma ramin kuɗin nakasa: tsohon soja na iya sarayar da wani ɓangare na fanshonsa ya karɓi kuɗin nakasa a madadinsa, wanda ba a biya masa haraji kuma ba a raba shi. A shari'ar Howell ta 2017, mijin ya yi haka shekaru da dama bayan saki, kason matar ya ragu da kimanin dala 125 a wata, Kotun Ƙoli ta ce kotun jiha ba za ta tilasta masa cika mata gibin ba. Inshorar da ke ci gaba da biyan ta bayan rasuwarsa kuwa, shekara ɗaya ce wa'adin shigar da buƙatarta daga ranar umarnin kotu. In ta wuce, sai ihu bayan hari.

"Ki riƙe gida, in riƙe fansho"

A Ingila da Wales hanya uku ce. Tun 1 ga Disamba 2000 kotu na iya tsaga fanshon nan take, a cire kaso cikin ɗari a buɗe wa matar nata da sunanta. Mutuwarsa ba ta taɓa shi, sabon aurenta ba ya taɓa shi. Masu kula da asusun suna da wata huɗu su aiwatar bayan takardu sun cika. Kafin wannan akwai tsohuwar hanya ta shekarun 1990, ta ɗaura kasonta a jikin nasa, wadda ke yankewa in ya mutu ko in ta sake aure, shi ya sa ba a cika bin ta ba yanzu. Ta uku ita ce musaya: a bar masa fanshon, a ba ta wata kadara a madadi.

Musayar nan ita ce ta fi jan hankali, kuma ita ce ta fi cutarwa. Uwa mai yara ƙanana rufin asiri take nema yau, ba alkawarin shekara ashirin ba, kuma ba wanda zai ga laifinta. Amma fam 200,000 na gida da fam 200,000 na fansho ba abu ɗaya ba ne. Gida yana cin kuɗi: gyara, haraji, inshora. Fansho kawowa yake. A ɗaya gefen kuma fansho akwai haraji a kansa, ba a kuma taɓa shi sai an kai shekaru. Abin da ya fi muni shi ne adadin da masu asusun ke rubutowa a matsayin darajar fanshon alkawari sau da yawa bai kai abin da za a kashe a sayi irin wannan kuɗin shiga a kasuwa ba, musamman na ma'aikatan gwamnati da ke ƙaruwa da hauhawar farashi. Karɓar musaya a kan wannan adadi ba tare da masanin lissafin fansho ya duba ba sayen kifi a ruwa ne. Tambayar da ta fi dacewa ita ce: in an kai shekarun ritaya, nawa kowannensu zai riƙa samu a wata? Raba tuli biyu daidai ba ya nufin kuɗin shiga daidai, tunda shekarunsu ba ɗaya ba.

Abu biyu a gurguje game da Ingila. Lauyoyi kan ja kunne kada a karɓi takardar saki ta ƙarshe kafin a kammala umarnin dukiya, domin in mai fanshon ya rasu a tsakani, ita ba matar mamaci ba, ba kuma mai kaso ba. Sannan sakin kansa ba ya rufe ƙofar neman dukiya: a shari'ar Wyatt da Vince, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yarda a 2015 a saurari buƙatar matar da aka saka tun 1992. Sabon fanshon gwamnati da ya fara aiki a Afrilun 2016 kuwa, ba a iya jingina da tarihin tsohon miji a cikinsa kamar yadda ake yi a tsohon tsari.

Jamus ce ta fi kowa rufe waɗannan ramuka, don ba ta bar abin a hannun tunawar lauya ba. Tun 1977 kotun iyali da kanta take raba haƙƙin fansho a cikin shari'ar saki, ko an roƙa ko ba a roƙa ba. Bayan gyaran 2009, kowane asusu da kowannensu ya gina a cikin aure ana tsaga shi biyu, nata a ba shi rabi, nasa a ba ta rabi. Lokacin auren ma a ƙayyade yake: daga farkon watan da aka ɗaura shi zuwa ƙarshen watan da ya gabaci isar da takardar neman saki. Auren da bai wuce shekara uku ba sai an nema. In wadda aka ba kason ta rasu ba ta ci shi fiye da wata 36 ba, a wasu nau'o'in fansho shi na iya neman a daina yanke masa. A ganina wannan tsari ya fi adalci, ba don rabi da rabi ne kullum daidai ba, sai don wanda ba shi da kuɗin lauya ba ya rasa haƙƙinsa saboda rashin sani.

Kanada tun 1978 take raba makin fanshon ƙasa da aka tara a zaman tare. Japan ta fara a 2007, ta kuma sa wa'adin shekara biyu bayan saki a lokacin da tsarin ya soma. Afirka ta Kudu tun 2007 take barin tsohuwar mata ta karɓi kasonta nan take, amma sai hukuncin ya nuna asusun da ake nufi a sarari. Faransa ba ta tsaga fansho, diyyar cike gibi alƙali ke yankewa a lokacin saki, bayan rasuwar mijin kuma a raba fanshon mamaci tsakanin matar da ya bari da waɗanda ya saka gwargwadon tsawon auren kowacce. Wanda ya yi aiki a wata ƙasa aka yi saki a wata sai ya sa ido sosai, domin asusun fansho ba kasafai yake bin umarnin kotun waje ba sai an sake samo wani daga kotun ƙasarsa.

Sunan da aka manta a fom

Duk abin da ya gabata a kan wadda ke neman haƙƙinta ne. Akwai kuma kuɗin da ke zuwa wa tsohuwar mata ba tare da kowa ya yi niyya ba. Ranar da mutum ya kama aiki akan ba shi fom ya rubuta wanda za a ba kuɗinsa in ya mutu. Ya rubuta amaryarsa, aka jefa fom ɗin a fayil, shekaru suka shuɗe.

A shari'ar Kennedy da asusun ma'aikatan DuPont, an yi saki a 1994, matar ta yafe haƙƙinta a kan asusun a cikin hukuncin saki. Mijin bai sauya fom ɗin ba har ya rasu a 2001. Masu kula da asusun suka duba takardarsu, suka biya ta kimanin dala 400,000. 'Yarsu, wadda ke kula da dukiyar mamacin, ta kai ƙara, a 2009 Kotun Ƙolin Amurka baki ɗayanta ta ce masu asusun sun yi daidai: abin da ke cikin takardunsu shi za su bi, ba aikinsu ne su riƙa tono hukunce-hukuncen saki ba. Kafin nan, a shari'ar Egelhoff ta 2001, wani ma'aikacin Boeing ya rasu wata biyu kacal bayan saki, jiharsa tana da dokar da ke goge sunan tsohuwar mata kai tsaye, amma kotun ta ce dokar tarayya ta danne ta, kuɗin suka tafi ga matar da aka saka maimakon 'ya'yansa na auren farko. Wasiyya ma ba ta gyara wannan, domin kuɗin asusun ba ta cikinta suke bi ba. Kowane asusu da nasa fom, inshorar rai ta wurin aiki ma da nata, kuma sauyin bai tabbata ba sai masu asusun sun karɓa sun shigar, shi ya sa ake neman su aiko da shaidar karɓa a rubuce a ajiye ta tare da hukuncin sakin.